Shafe da Fenti Cikin Tarihin Cinikin Gidaje a Kano da Zariya

Sanannen abu ne ga dillalan gidaje cewa in mutum ya yi niyyar sayar da gidansa, shawara ta farko da a kan ba shi ita ce ya sa a yi wa gidan fenti kafin a kawo masu taya. Hujjarsu ita ce abin da za a kashe wajen fentin kaɗan ne bisa ga abin da zai ƙaru a kan kuɗin gidan. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan dabara baƙuwa ce, wadda ta zo tare da siminti da gwangwanin fenti. Amma in an bi tarihin gine-ginen Kano da Zariya, sai a tarar dangantakar da ke tsakanin fuskar bango da darajar gida ta girmi fenti nesa ba kusa ba. Abin da ya sake shi ne ma'anarta. A zamanin ginin ƙasa shafe shi ne ke tsare ran gida, saboda haka wanda ya ƙara kuɗi don shafe mai kyau shekarun zama lafiya ya saya. A zamanin siminti kuwa fenti ya koma alama, alama kuma tana iya faɗin gaskiya, tana iya yin ƙarya. Wannan takarda za ta bi yadda sauyin ya faru, tun daga ƙarni na 19 har zuwa bayan dokar ƙasa ta 1978.

Abin da a ke sayarwa

Kafin a san abin da ke ƙara wa gida kuɗi, wajibi ne a san abin da ke canja hannu in an ce an sayar da gida. A ƙa'idar Daular Sakkwato ƙasa amana ce ta jama'a a hannun Sarki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi bisa matacciyar ƙasa, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kuwa ita ce rayarwa, ko da gini, ko da noma, ko da haƙa rijiya. Watau haƙƙin mutum yana tafiya ne da aikin da ya yi a wurin. Gaskiya ne aiki bai bi ƙa'ida sau da ƙafa ba, gama Polly Hill ta nuna cikin littafinta na 1977 cewa an daɗe ana cinikin gonaki a karkarar Kano, inda mutane suka yi yawa. Amma cikin ganuwa fili bai yi ƙaranci ba. Sa'ad da Clapperton ya shiga Kano cikin 1824, ya ga gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Barth, wanda ya zo cikin 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin kamar mutum 30,000. Abin da ke da yalwa haka ba ya yin tsada. Gidan da magada suka watse suka bari ya zama kango, filinsa ma yana iya komawa hannun hukuma a ba wani mai bukata.

Turawa sun ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, kuma maimakon su rushe wannan ƙa'ida sai suka ƙarfafa ta. A zamanin Gwamna Girouard aka kafa kwamitin binciken al'amarin ƙasa cikin 1908, daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910 wadda ta sa dukan ƙasar Nijeriya ta Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. Aka sabunta dokar cikin 1916, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta maye gurbinta da tata cikin 1962. A cikinsu duka, in hukuma ta karɓe wuri don aikin jama'a, diyyar da a ke biya ta abin da mutum ya aikata ce a wurin, wanda amfaninsa bai ƙare ba tukuna.

To, tun da haka ne, kuɗin gida a wancan zamani kuɗin gini ne. Mai saye ya kan ƙirga ɗakuna da soraye, ya dubi yawan azara da lafiyarta, ya dubi ƙyamare, ya tambaya ko da rijiya a ciki. Bayan wannan duka sai babbar tambaya, watau damina nawa ginin zai ƙara ci kafin ya nemi babban gyara. Amsar wannan tambaya a jikin shafe ta ke.

Ruwan sama da shafe

Ginin ƙasa na Hausa da tubali a ke yinsa. A kan haƙo ƙasa daga kududdufi, a cuɗa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu, sa'an nan a mulmula tubali da hannu a shanya. A kan jera tubalin a ɗaure da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango ya yi kauri, yana sirancewa zuwa sama. Rufi kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana bisanta, a zuba ƙasa, a sa indararo don ya fitar da ruwa nesa da bango. Irin wannan gini yana da ƙarfi ƙwarai muddin ya bushe. Magabcinsa guda ne, ruwa. Kano tana samun ruwan sama wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara, Zariya ta haura 1,000, kuma mafi yawansa cikin wata uku ya ke zuba, ya fi tsanani cikin Agusta. Hadari daga gabas ya ke tasowa, shi ya sa bangon gabas ya ke riga sauran zaizayewa.

Magina sun san hanyoyi da dama na tare wannan ɓarna. Mafi araha shi ne yaɓe, watau a sake lulluɓe bango da sabuwar ƙasa bayan damina. Sama da shi akwai makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. A kan jiƙa shi, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, a shafe bango, ya bushe da wani launi ja-ja mai duhu wanda ruwa ba ya saurin ratsawa, ko da ya ke sai ana sabuntawa a kai a kai. Mafi tsada shi ne laso. Tushensa katsi ne, watau dattin da ke taruwa a gindin rijiyar marina, wanda a ke kwasowa a ƙona a daka, sa'an nan a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Da laso a ke shafe cikin rijiyoyin marina kansu don kada su tsiyaye, da shi kuma a ke shafe rufin soro da kan bango da zankwaye, wuraren da ruwa ya fi duka. Ashe ke nan rufin attajiri a Kano yana rataye ne da sana'ar marina irin na Ƙofar Mata da ta majema. A cikin ɗaki kuwa farar ƙasa a ke shafawa, mata su yi daɓe a ƙasa, musamman in za a kawo amarya ko Salla ta gabato.

Wannan aiki na kowace shekara shi ne harajin da ginin ƙasa ke karɓa daga mai shi. Wanda ya biya, gidansa ya kan wuce shi ya kai ga jikoki. Wanda ya yi sakaci damina biyu ko uku, sai ruwa ya sami hanya ta kan bango, ya sauka cikin tubali, ya ruɓar da bakin azara inda ta shiga bango, wata rana cikin Agusta rufi ya rufto. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka ne. Saboda haka in mai saye ya ga gida da sabuwar makuba da laso mai ƙwari, ya san an ɗauke masa hidimar wasu shekaru, ya kuma san azarar da ba ya iya gani a bushe ta ke. In ya ga bango ya zaizaye har tubali ya fito, sai ya cire kuɗin magini da na kayan aiki daga tayinsa, ya ƙara cire wani abu saboda ɓarnar da bai gani ba tukuna. A nan kyan gani da ingancin gini abu guda ne, domin abin da ya ƙawata bangon shi ne ya tsare shi.

Hukuncin aibi

Duk da haka mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, kuma sabon yaɓe yana iya rufe tsaga na 'yan watanni. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalai suka yi hukunci da shi a Kano da Zariya, ya tanadi wannan. Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Misira na ƙarni na 14, ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani filla-filla, bai isa ya faɗe shi a dunƙule ba. Ya kuma haramta ruɗi na aiki, misalinsa sananne shi ne a ƙi tatsar dabba kwana biyu don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai nono ce. Wanda ya lulluɓe tsaga da shafe don a zaci bango lafiya ya ke, aikinsa ɗan'uwan wannan ne.

Game da gidaje masu sharhin littafin sun kasa aibi kashi uku. Akwai ƙarami ƙwarai wanda ba ya rage kome. Akwai matsakaici, wanda ba ya warware ciniki amma a kan mayar wa mai saye abin da aibin ya rage daga kuɗin. Akwai babba, wanda ke ba shi ikon mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Malamai sun saɓa a kan iyakar babban, wasu suka ce in ya kai sulusin kuɗin gidan, wasu suka ce rubu'i. Misalin matsakaici da aka bayar shi ne tsaga a bango wadda ba a tsoron ta rushe gidan. Amma an toge abu guda, in tsagar a fuskar gidan ta ke, to, hukuncinta ya yi nauyi, ana iya mayarwa. Wannan togaciya tana da muhimmanci ga tarihin da a ke bi a nan, gama ta nuna tun ƙarni na 14 malamai sun yarda cewa fuskar gida tana ɗauke da wani kaso na kuɗinsa wanda ya fi girmanta. In an yi jayayya kuwa, shari'a ta ce a tambayi masana abin, masanan gini kuma su ne magina, waɗanda a manyan birane suna da shugabansu mai sarauta, Sarkin Magina. Haka kuma wajen rabon gado, sai an yi wa gida ƙima kafin a san rabon kowa. Littattafan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga cikin 1994, sun nuna ƙararrakin dukiya da gado suna isa har gaban Sarki a daidai lokacin da kuɗin gyaɗa suka fara shigowa birni.

Ado ya fito waje

A ƙarni na 19 gwanintar magina a ciki ta fi bayyana. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya shahara ne saboda bakan gizonsa da ɗaurin guga da zanen da aka tayar a jikin ginshiƙansa. Haka sorayen Gidan Rumfa da na Gidan Makama a Kano. Gidan talaka ko na ɗan kasuwa kuwa, daga waje bango ne kawai da zaure. Masu bincike sun kawo dalilai biyu. Na farko, tarbiyyar masu jihadi ba ta son alfahari da gini. Na biyu, wanda ba shi da sarauta in ya nuna dukiyarsa a fili yana jawo wa kansa idon masu iko.

Cikin ƙarni na 20 abin ya sake. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, a Zariya kuma auduga ta yi kasuwa. Aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, a bayansu kuma ɗimbin ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a da ma'aikatan En'e masu albashi. Tsoron ƙwace ya ragu. Sai ado ya fito daga ɗaki ya hau ƙofar gida. Da farko da ƙasa a ke tayar da shi kewaye da ƙofar zaure, ana kwaikwayon dagi da sauran zanen da maɗinka ke yi a wuyan riga. Daga baya aka ƙara takobi da allo da agogo da keke da mota har da jirgin sama. Kirk-Greene ya buga ɗan littafi cikin 1963 a kan gidajen Zariya masu zane, Friedrich Schwerdtfeger kuma, wanda ya fara bincike a birnin cikin shekarun 1960, ya fitar da babban littafi a kan wannan ado cikin 2007, inda ya bi bunƙasarsa da kuma ja da bayansa.

Ga ɗan kasuwa wannan ado jari ne. Maigidan da ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu wajen bashi, da amana ya ke ciniki, baƙo kuwa ƙofar gida ya ke fara gani kafin ya san halin mai ita. Zaure mai kyau yana cewa mai gidan nan ba zai gudu da kayan kowa ba. Amma ya kamata a rarrabe tsakanin shafe da zane wajen sayarwa. Shafe kowa yana bukatarsa, saboda haka kowane mai saye zai biya. Zane kuwa son ran mai shi ne, wani lokaci har da sunansa da shekarar da aka yi a jiki, kuma shi ma sai ana gyara shi. Mai saye yana iya sha'awarsa, yana iya ganinsa nauyi ne aka bar masa. Tun daga nan aka fara samun tazara tsakanin abin da mai gida ya kashe a fuskar gidansa da abin da kasuwa za ta mayar masa.

Siminti da fenti

Siminti da kwanon rufi da fenti sun fara shigowa ta kantunan kamfanonin Turawa, irin su John Holt da U.A.C., da fari kuma gine-ginen gwamnati da na kamfanoni ne suka fi amfani da su. Da aka soma yin su a Nijeriya sai suka yaɗu. Masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki cikin 1957, ta Ewekoro cikin 1960, ta Kalambaina kusa da Sakkwato cikin 1967. Kamfanin da daga baya aka sani da Berger Paints an kafa shi a Ikko cikin 1959. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa su kan zuba bula cikin farar ƙasa don bango ya yi shuɗi-shuɗi.

Mafi yawan mutanen cikin birni ba su rushe gidajensu sun sake da bulo nan da nan ba. Abin da suka yi shi ne su sa wa ginin ƙasa rigar siminti, musamman zaure da bangon da ke duban titi. Masu zane suka koyi karce hoto a jikin ɗanyen siminti, in ya bushe su cika shi da fenti kala-kala, wannan ne ya ba gidajen shekarun 1950 da 1960 kamanninsu. Mai gida ya ga ya huta da yaɓe na kowace shekara. Mai saye ya ga siminti ya ƙara kuɗi, don yana zaton ya rabu da hidimar damina.

Amma siminti da ƙasa ba su jituwa. Zafi da sanyi ba su motsa su daidai, saboda haka a hankali rigar ta kan rabu da bango, ko da an kafa ƙusoshi ko tsakuwa don ta kama. In ta yi 'yar tsaga ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita, domin siminti da fentin mai ba su barin laima ta fice kamar yadda makuba ke bari. Sai tubali ya yi ta jiƙa a ɓoye, fuska tana sheƙi, har ran da rigar za ta ɓallo gaba ɗaya. A da zaizayar bango a fili ta ke, yaro ma yana ganinta. Yanzu ɓarna ta koma ciki. Wannan ne babban sauyi cikin tarihin, gama abin da ke ƙawata bango ya rabu da abin da ke tsare shi. Masu saye da suka ƙware suka koyi ƙwanƙwasa bango su ji ko yana amsawa kamar ganga, su dubi gindinsa ko fenti ya kumbura, su leƙa rufi ko da tabon yoyo, wasu ma su ƙi sayen gida sai sun gan shi cikin damina.

A unguwannin bayan ganuwa, kamar Fagge da Sabon Gari a Kano da Tudun Wada a Zariya, wani lissafi ya shigo, watau na haya. Gidan haya da kuɗin da ya ke kawowa kowane wata a ke auna shi. Ɗakin da aka yi wa siminti da fenti ya fi saurin samun mai shiga, kuma kuɗinsa ya fi. Wanda zai sayi irin wannan gida ya kan ƙirga hayar shekara, ya ga shekara nawa za ta mayar masa da kuɗinsa. Ta haka fenti ya kan ƙara kuɗin gida ta hanyar ƙara haya, ko da bai ƙara wa ginin kwana ɗaya ba.

Fili ya rinjayi gini

Ƙidayar 1963 ta ba Kano mutum kusan 300,000, watau ninki goma na ƙiyasin Barth. Cikin 1967 aka raba Nijeriya jihohi 12, Kano ta zama babban birnin jiha. Kuɗin man fetur suka biyo baya, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ma'aikata neman filaye, cikin 1975 kuma jiragen ruwa masu ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Ikko wata da watanni. Gonakin cikin ganuwa suka cika da gidaje, birni ya tsallake ganuwa ta kowace fuska. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta kuma riƙe tsohuwar ƙa'idar diyya, watau a biya kuɗin sake gina irin ginin, a cire abin da tsufa ya rage masa. A takarda dai gini ne ke da kuɗi. A kasuwa kuwa abin ya juye, wuri da takardar shaidar mallaka su ne suka zama mafi yawan abin da a ke biya.

Sakamakon haka ga tsofaffin gidajen ƙasa mai tsanani ne. In gida yana bakin titi ko kusa da kasuwa, mai saye fili ya ke so, zai rushe ginin ya yi shaguna ko bene. A wurinsa laso da zanko da zanen ƙofa ba su da kuɗi, hasali ma kuɗin kwashe ƙasa za su ci. Magada kuma in sun yi yawa, sayarwa a raba kuɗi ya fi musu sauƙi bisa ga haɗa kuɗin yaɓe kowace shekara. Da masu neman aikin suka ragu, 'ya'yan magina suka koma aikin bulo, marina suka ragu, katsi ya yi wuyar samu. Masallacin Babban Gwani kansa cikin shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare a kansa, aka bar wani sashe na tsohon ginin a ciki.

Abin da tarihin ya nuna

In an tattara, shawarar dillalai tana da tushe, amma tana da sharuɗɗa uku waɗanda tarihin nan ya fitar. Na farko, fenti yana ƙara kuɗi ne inda gini a ke saye don a zauna ko a ba da haya. Inda fili a ke nema, asarar fenti kawai za a yi. Na biyu, yana ƙara kuɗi gwargwadon hidimar da ya ɗauke wa mai saye da kuma shakkar da ya cire masa. Gida mai tsabta ya kan tara masu taya, in masu taya sun yi yawa kuwa mai gida ba ya gaggawar sallamawa. Launi mai sauƙi wanda kowa zai iya zama da shi ya fi yin wannan aiki bisa ga ado na son rai, kamar yadda shafe ya fi zane a da. Na uku, ƙarin ba ya halatta sai in fentin ya biyo bayan gyara, an toshe yoyo, an ɗinke tsaga, an bar bango ya bushe. Wanda aka shafa don a rufe aibi, damina ɗaya ta isa ta tona shi, hukuncinsa kuma yana nan cikin littattafan da alƙalai suka karanta tun kafin a san fenti a ƙasar Hausa.

Akwai kuma aikin da ya rage ga masu nazarin Hausa da malaman kwalejojin horon malamai. Kalmomi irin su makuba da laso da katsi da dafara suna cikin ƙamus, amma ma'auninsu da lokacin haɗa su da yadda a ke gane sun nuna a hannun tsofaffin magina su ke. Kowane ɗalibi da ya fito daga tsohon birni yana iya zama da ɗaya daga cikinsu, ya rubuta yadda a ke aikin, da yadda a ke yi wa gida ƙima a zamanin ƙuruciyarsa, da abin da masu saye ke dubawa kafin su taya. Irin wannan rubutu shi ne zai cike abin da littattafan kotu da rahotannin Turawa suka bari.